ƘAFA A KAN MURJANI

Shafi na 19

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi.

Ku da kuka cika min waya da saƙo kuna cewa Badamasi bai yi laifi ba, wai kishi ai so ne, ku matso kusa ku gyara zama. Ni dai ban ce komai ba, labari kawai nake bayarwa.

*

Tun da suka dawo Kuala Lumpur daga tsibirin nan, Badamasi bai ƙara cin abinci ya ji ya sauka daidai ba. Yau ma ga shayi, ga roti canai, gurasarsu ta can, da ya sayo a ƙunshe daga shagon abincin ƙasan benensu na unguwar Pantai Dalam, amma ya zuba musu ido har shayin ya huce. Motar makaranta ta riga ta ɗauki 'yarsu Fatiha. Gidan ya rage daga shi sai matarsa Walida, tana can jikin taga tana goge hijabinta mai ruwan toka, wanda ba ta sakawa sai za ta gaban manya.

Gaban manyan kuwa za ta. Yau da hantsi kwamitin sashensu zai zauna a kan Najib.

Ko sunan nan Badamasi ba ya son ji. Najib shi ne abokin aikin Walida a ruwa. Ɗan ƙasa ne, ma'aikacin sashen, shi ke tuƙa musu kwale-kwalen inji duk lokacin da za su wurin da aka keɓe a teku don kare halittun ruwa. Ita kuma Walida digiri na uku take yi a kan murjani. Ba irin na wuyan iyayenmu da ake ɓoyewa a ƙasan akwati ba, mai rai, wanda ke girma a ƙarƙashin ruwa a hankali kamar ba ya so. Dokar aikin kuma ba a shiga ruwa mutum ɗaya, dole biyu-biyu, kowa idonsa a kan ɗan'uwansa. Wannan doka ita ta hana Badamasi sakat tun zuwansu. Mutum ya bar shagonsa na Kantin Kwari a hannun ƙaninsa ya biyo mace, an buga masa "dependent" a fasfo, yana yawon saro abaya a kasuwar Masjid India yana aikawa gida, sannan a ce wani ƙato ne zai riƙa lura da numfashin matarsa.

Shi ya sa wannan karon ya kafe sai an je da shi. Walida ta sa hannu a kan cewa baƙonta ne, duk abin da ya yi a wuyanta yake.

Ɗan tsibiri ne da sai an hau jirgin ruwa daga garin Mersing. Babu mota, babu hayaniya, in ka ji ƙara to kwakwa ce ta faɗo. Yashi fari sol mai laushi kamar garin alabo, ruwa garau har kana ganin yatsun ƙafarka da 'yan kifaye masu zane-zane suna zagaya su. Kowa ya je wurin nan sai ya yi tasbihi, amma Badamasi bai ga komai ba. An saka masa rigar nan mai hana nitsewa, mai ruwan lemo, an nuna masa igiya mai ƙwallaye da aka ja a saman ruwa, aka ce daga gaɓa zuwa igiya na baƙi ne, bayanta kuwa sai masu bincike. Ya zauna a inuwa yana hango kawuna biyu can nesa, kowanne da ɗan bututun numfashinsa a tsaye, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Walida tana cikin kayan iyonta da suka rufe ta ruf har kai, amma shi ba wannan yake gani ba. Gani ya yi sun ɗago tare, Najib ya nuna mata wani abu da hannu, ta cire bututun daga baki ta ƙyalƙyale da dariya. Daga baya ya ji wai kunkurun ruwa ne ya wuce ta ƙarƙashinsu. Shi dai abin da ya sani, rabon da ta yi masa irin wannan dariya har ya manta.

Sai ya miƙe. Ya dubi rigar lemon da ke jikinsa, ya dubi Najib da ba shi da ita, ya ɓalle ya jefar a yashi. Mutumin da ko kududdufin unguwarsu bai taɓa shiga ba fa. Ruwa ya kawo masa gwiwa, ya kawo ƙirji, ya ɗaga igiya ya wuce, taku kaɗan ya nemi ƙasa ya rasa. Ya sha ruwan gishiri ta baki ta hanci, yana kiran kalmar shahada a zuci, can sai ƙafarsa ta taɓo wani abu mai tauri. Dutse ya zata. Ya hau da ƙafa biyu ya tsaya da dukkan nauyinsa, ya ji abin yana rugurgujewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli, yana yankar masa tafin ƙafa.

Ba dutse ba ne. Teburin ƙarfe ne da Walida ta dasa a ruwa ta ɗaure ƙananan murjaninta a kai, tana auna girmansu tun farkon karatunta.

Najib ne ya cafko shi ta wuyan riga ya jawo shi gaɓa. Yana kwance yana aman ruwa ya ji shi yana cewa ƙasa-ƙasa, "Tak apa, bang. I settle." Wato ba komai, ya bar masa. Walida tana can nesa kanta a ruwa, da ta fito aka ce mata santsi ne ya kwashe shi a bakin gaɓa. Da jami'an wurin suka zo duba ɓarnar, Najib ya ce shi ne ƙafarsa ta zame. Badamasi yana tsaye a wurin, ya ja bakinsa ya tsuke.

To yau ga shi za a yanke hukunci, kuma kowa a sashen ya san in laifin ya tabbata a kan Najib, aikinsa ya tafi.

"Wai dole sai kin je?" ya tambaya bai ɗago ba.

Ta ce kiranta aka yi ta ba da shaida, tunda ita ce tare da shi a ruwa ranar. Ya ce ai za ta iya tura saƙo ta ce ba ta da lafiya. Ta ce lafiyarta ƙalau. Ya ce to shi ne ba shi da lafiyar, tun asuba kansa ke sarawa. Ta ce akwai magani a kan firij.

Wannan amsa ta ƙona masa rai. Ya shiga mita, wai har da su guga saboda za a je a ga wani, shi kuwa rabon da a goge masa riga sai dai a tambayi tarihi. Walida ta nuna masa bayan ƙofa da haɓarta, inda rigunansa suke rataye a goge tun jiya. Ya kawar da kai kamar ba nasa ba ne.

Ana haka wayarta da ke kan tebur ta yi haske. Kafin ta ajiye dutsen guga ya riga ya wafce ta. Sunan da ya gani kuwa shi ne wanda ba ya son gani, ya karanta saƙon a fili yana jan kowace kalma.

"Kak Walida, no need to say anything lah. Just tell them you didn't see."

Ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kak Walida. Har yaya kika zama a gidansu ashe. To mene ne wannan da ba za ki faɗa ba? Wane sirri ne tsakaninku da har yake koya miki abin da za ki ce?"

"Abban Fatiha, ba ni wayata."

"Sai kin faɗa min. Me kika gani da yake cewa ki ce ba ki gani ba?"

Jama'a, kun ji inda kishi ke kai mutum. Har ga Allah a wannan lokacin Badamasi ya manta amsar tambayar tana zaune a tafin ƙafarsa. Sai da maganar ta fita daga bakinsa sannan ya tuna.

Walida ta zare wayar dutsen guga daga bango. Ta ninke hijabin a hankali ta ɗora a hannun kujera, sannan ta zauna tana fuskantarsa.

"Da gaske kana so na faɗa maka abin da na gani?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Ƙarƙashin ruwan nan ba kamar samansa ba ne. In ka sa tabarau ka duƙa, kana hango abu tun daga nesa. Na ga ƙafa biyu suna harbin ruwa, na ga sun sauka a kan teburina." Ta dubi ƙafarsa. "Ƙafar da nake gani kullum a kan sallaya, da ɗan yatsan nan naka da ya karkace, ita ce zan kasa ganewa?"

Badamasi ya ji zufa ta karyo masa duk da fanka na juyawa. Duk kwanakin nan yana ta sha mata mur, ashe tana sane, tana zuba masa abinci, tana yi masa sannu da ciwon ƙafa. Kunya ta rufe shi, kuma kun san halin mutuminku, in kunya ta kama shi borinta yake yi.

"Au, kina kallo ina nitsewa kika tsaya, sai da wani ya zo ya tsamo ni?"

Ta ce ita ce ta finciki igiyar awon da ke hannunsu ta nuna wa Najib shi, don ya fi ta kusa kuma ya fi ta sauri. Ta ce tana ganin an kai shi inda ƙafarsa ke taɓa yashi ta yi hamdala, ta so ta bi su da gudu, sai ta fasa.

"Na bar kaina a ruwa ne don kada ka ɗago ka ga na gan ka a haka. Na san ka, Abban Fatiha. Ina nan a duƙe ina kuka a cikin tabarau har na daina ganin gabana."

Da wani mijin ne, da tuni jikinsa ya yi sanyi ya kama hannunta. Shi ma ya so ya yi, har yatsunsa sun motsa. Sai hoton Najib ya faɗo masa, yana tsaye gaban jami'an nan hannu a ƙirji yana cewa shi ne, sai zuciyar ta sake murɗawa.

"To shi kuma mene ne nasa? Me ya sa zai ɗauki laifin da ba nasa ba?"

Ta yi masa bayani kamar mai lallashin yaro. In aka san baƙon da ta sa wa hannu ne ya tsallake igiya, izininta na shiga wurin za a soke. Ga daminar gabas ta kusa, an kusa rufe tsibiran sai baɗi, ga wa'adin da jami'arsu ta gida ta ba ta ya kusa cika. In ta rasa awon ƙarshe a kan sauran teburan da suka tsira, karatun ya tashi a banza. Najib ya ce shi ɗan gida ne, ko an kore shi zai nemi wani aikin, ita kuwa daga nesa ta zo. Ta ce ta roƙe shi ya janye ya ƙi, alhali matarsa tana da tsohon ciki, matar nan da ke aiko wa Fatiha kuih, kayan zaƙinsu na can, duk ranar Juma'a.

Badamasi ya yi wata dariya marar daɗin ji.

"Wato saboda ke."

"Saboda kada a kunyata baƙo, haka ya ce."

"Walida, ni namiji ne, I know men. Babu wanda zai zubar da aikinsa, matarsa da ciki, saboda matar wani, haka kawai fisabilillahi. Babu shi."

"Mutumin da ya tsamo ka daga ruwa kake faɗa wa haka?"

"Ban roƙe shi ba."

Ta ƙura masa ido. Shi kansa ya ji nauyin maganar, amma ya riga ya hau, kuma sauka ta fi hawan wuya a wurinsa. Ya tambaye ta me za ta ce a gaban kwamitin. Ta ce wallahi har yanzu ba ta sani ba.

Nan ya zayyana mata nasa. In ta ambaci sunansa, kafin la'asar labari ya zagaye 'yan Najeriya na garin nan kaf. Ranar Juma'a yana shiga masallaci za a fara taɓa juna, ga mijin Dakta can, wanda ya bi matarsa ruwa don kishi har abokin aikinta ya tsamo shi kamar kazar da ta faɗa rijiya. Daga nan labari sai Kano, sai Kwari.

"In kika kira sunana, kin zaɓe shi ke nan. Simple."

"In na yi shiru kuma fa?"

"Ai shi da kansa ya ce ki yi shirun. Ki yi masa biyayya mana, tunda kun saba."

Walida ta miƙe ta saka hijabinta, ta ɗauki jaka, ta zare wayarta daga hannunsa bai hana ba. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Ranar da ka taka murjanin nan ban ji haushinka ba, ko kaɗan. Tsoro na ji kada ka mutu ka bar ni. Yau ne na fara jin haushinka."

Duk da haka ba ta fita ba, ta tsaya riƙe da ƙofa tana jiran izininsa kamar yadda ta saba tun suna amarci. Ya san abin da take jira.

"Je ki mana," ya ce, "ai yana can yana jiranki."

Ta ja ƙofar a hankali.

Ya zagaya falon, ya zauna, ya tashi. Ya leƙa ta taga ya hango ta tana hawa bas ɗin jami'a. Bai san lokacin da ya zura takalmi ba, ciwon tafin ƙafar ma ya manta da shi. A hanya yana ta gaya wa kansa ba wani abu zai kai shi ba, so kawai yake ya ga irin kallon da za su yi wa juna in ba ya wurin. Ko da wasa bai yarda ya tambayi kansa me zai yi in ya isa ba.

Ya san ginin, ya sha raka ta. Ya hau bene ya bi dogon baranda har ɗakin taro na ƙarshe, ya tarar ba a rufe ƙofar ruf ba. Ta ɗan tsagin yana hango Farfesar da ke duba aikin Walida, dattijuwa mai farin tabarau, da wasu malamai biyu, da jami'in da ya zo daga hukumar kula da tsibirin. Najib yana gefe guda kansa a sunkuye, ya rame. Walida tana tsaye ta ba ƙofa baya. Ko kallon juna ba sa yi, kuma abin mamaki wannan ma sai ya ba Badamasi haushi, wai ai don sun san ana ganinsu ne.

Farfesa ta tambaye ta da Turanci ko ta ga lokacin da Najib ya taka teburin. Badamasi ya kasa kunne, yana jiran ɗayan biyu, ko sunansa ko "ban gani ba."

"Ba Najib ba ne, Prof," in ji Walida. "Ni ce. Jijiyar ƙafata ce ta ɗaure, na tsorata na tsaya a kai. Asiri ya rufa min."

Najib ya zabura ya miƙe. "Kak, jangan," yake cewa yana girgiza kai, wato kada ta yi haka. Ya juya wurin kwamitin yana rantsuwa shi ne. Farfesa ta ɗaga masa hannu ya zauna. Ta cire tabarau ta tambayi Walida ko ta san ma'anar abin da ta faɗa, izininta zai tafi yau ɗin nan, kuma babu wanda zai iya dawo mata da shi kafin a rufe tsibirin. Walida ta ce ta sani.

Abin da ya fara zuwa wa Badamasi, Allah ya shirye shi, kishi ne. Ta jefar da karatun da ta bar uwa da uba dominsa, saboda Najib. Sai a bayansa wani tunanin ya biyo, mai sanyi: duk maganar nan da ta yi, ba ta kira sunansa ba. Ƙafar ciwon ta kasa ɗaukarsa, ya kai hannu zai dafa bango ya dafa ƙofa, ƙofar ta tafi da shi ta buɗe wangwam.

Duk suka juyo, ban da Walida.

Farfesa ta mayar da tabaranta ta ƙare masa kallo, ta gane shi. Ta ce ya shigo, ai ya zo a daidai, dama shi kaɗai ne wanda ba su ji ta bakinsa ba.

"Mr Badamasi, kana bakin ruwa ranar, kana fuskantar wurin. Matarka ta ce ita ce, Najib ya ce shi ne, kuma dole ɗaya yana yi mana ƙarya."

Ta ɗauki biro ta cire murfinsa.

"Wanne ne a cikinsu ya taka?"